Chevelle SS ta 1970 da ba a taɓa gyarawa ba: a sayar a haka, ko a yi mata fenti tukuna?

Abu_Hanan:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar masana nake nema. Wasu magada ne a jihar Ohio ta Amurka suke so su sayar da motar da mahaifinsu ya bari, Chevrolet Chevelle SS 396 (396 girman injin ne) ƙirar 1970, mai ƙofa biyu, giyar hannu mai huɗu. Koriya ce mai duhu, fentin kamfani ne a jikinta, ya koɗe a rufi da kan but. Akwai tsatsa a ƙasan gilashin baya da gindin fenda ta gaba. Kujerun na asali ne, ta direba ta ɓarke a ɗinki. Mita tana nuna mil 61,000 da 'yan kai, kuma an fi shekara 25 ba a tayar da injin ba. Wani mai gareji ya ce a ba shi ya yi mata fenti da sabbin kujeru domin ta yi kuɗi. Shin a ba shi, ko a sayar a yadda take? Kuma a ina?

Sarkin_Fenti:
Wa alaikumus salam. Kada a ba shi. Masu sayen irin wannan mota fentin kamfanin suke nema, ko da ya koɗe. Wadda aka sake wa fenti tana ko'ina, wadda ba a taɓa ba kuwa kullum raguwa take yi. Kuma fentin da za a yi don sayarwa na gaggawa ne, ƙwararren mai saye zai ɗauka an rufe ruɓa ne, ya rage tayi.

MaiGwanjo_Houston:
Malam Abu_Hanan, kafin maganar fenti akwai wadda ta fi ta. Me ke tabbatar da cewa SS ce? A ƙirar 1970 lambar shasi ba ta nuna hakan. Mai ƙofa biyu da rufin ƙarfe da injin silinda takwas tana farawa da 13637, ko Malibu ce ta gama-gari ko SS, duk ɗaya. SS ƙarin kaya ne da mai saye ke zaɓa, lambarsa Z25 ga 396, Z15 ga 454. Tambari da bonet mai tudu da dashbod mai mitoci zagaye duk ana sayar da sababbinsu yau, shi ya sa SS ɗin jabu ta cika kasuwa. Takarda ce ke raba gardama, kuma rabin darajar motar a nan take.

Abu_Hanan:
Wace takarda ke nan, Alhaji? Sun ce akwai littattafai a aljihun dashbod, ba su dai duba ba.

MaiGwanjo_Houston:
Uku ne manya. Ta farko takardar haɗi ta masana'anta, wadda suke kira build sheet, mai ɗauke da lambar shasi da jerin duk kayan da aka sa. Ma'aikata kan cusa ta a cikin mota, ba a wuri ɗaya ba: tsakanin sifirin na kujerar baya, bayan kujerun gaba, ƙarƙashin kafet, bayan marfin ƙofa na ciki, ko a saman tankin mai. Ta biyu Protect-O-Plate, ɗan farantin ƙarfe da ke manne a littafin garanti, da sunan mai saye na farko da lambobin inji da giya da aksul. Ta uku takardar farashi ta jikin gilashi ko rasidin dila. A fara da aljihun dashbod ɗin nan, kada a yar da ko guntun rasidin bakin mai.

A kuma dubi harafi na 7 a lambar shasi, shi ke nuna masana'anta: A Atlanta, B Baltimore, K Kansas City, R Arlington. Idan aka ga 1, ƙirar Oshawa ce ta Kanada, to an huta, domin akwai rajistar motocin da aka haɗa ko aka sayar a Kanada, ana biya a karɓi takardar tabbaci. Chevelle ɗin da aka haɗa aka sayar a cikin Amurka ba ta da wannan gata.

Kafireta4:
Nan Chevrolet ta bar mutane a baya. Mai Ford daga 1967 zai sayi takardar tabbaci ta Marti Report, mai Pontiac zai nemi irinta daga PHS, mai Dodge ko Plymouth kuwa harafi na 5 a lambar shasi ya gaya masa injin.

Inna_Columbus:
Ƙari a kan batun takardar haɗi. Idan aka same ta a kujera ko a kan tanki, a ɗauki hotonta a inda take kafin a taɓa. Takarda ce mai shekara fiye da 50, tana marmashewa. Wadda ta manne da kwalta a saman tanki kada a ɓamɓare, a bar ta a jikinsa, a sa wani tankin idan ana so, a haɗa wa mai saye da tsohon. Kuma kada a kai ta a like da leda mai zafi, a sa ta cikin jakar adana takardu kawai. A tabbatar lambar shasin da ke jikinta ta motar ce, don akan sami takardar wata motar a kujera, tun daga masana'anta.

InjinV8:
Sai lambobin inji, su ne na biyu a daraja. A gaban inji ta ɓangaren fasinja, daidai gaban kan silinda, akwai ɗan fili da aka buga lambobi. A goge da tsumma da kananzir, ban da sanfefa, ban da burushin ƙarfe. Za a ga T, wato masana'antar inji ta Tonawanda, sai wata da rana, sai haruffa uku. CTX shi ne 396 mai ƙarfin doki 350 da giyar hannu, CTW mai giyar otomatik. Kusa da shi, ko wani lokaci can wajen matatar bakin mai, akwai ƙarshen lambar shasi, dole ta yi daidai da ta kan dashbod. A bayan inji ɓangaren direba akwai lambar zubi, ta wannan injin 3969854 ce. Ranar zubi ta riga ranar haɗa inji, ita kuma ta riga ranar haɗa mota da ke kan farantin bodi a bangon inji. Idan aka ga 03B a farantin, mako na biyu na watan Maris ke nan.

Giyabos ɗin Muncie ma yana da ƙarshen lambar shasi a jikinsa, aksul na baya mai noti 12 yana da lambarsa a bututun dama, kafireta Quadrajet ta shekarar tana farawa da 7040. Duk a yi musu hoto.

Abin da ya sa na ce kada a goge filin nan da ƙarfe: akwai siraran layuka na injin masana'anta da suka tafi daga gaba zuwa baya. Masana su suke kallo don gane ko an share an sake bugawa. Idan aka kai injin aka fafe samansa a wajen gyara, lambobin sun tafi ke nan har abada.

Dan_Kurmi:
Yallaɓai InjinV8, ƙaramin gyara. Sunanta 396, amma injin na 1970 a zahiri 402 ne, an ɗan faɗaɗa silinda aka bar tsohon suna. Gara a rubuta haka a talla kafin masu sharhi su rubuta.

InjinV8:
Haka ne, Malam Dan_Kurmi.

Bakanike_Zinder:
Ni fa ban yarda da "kada a taɓa komai" ɗari bisa ɗari ba. Motar da ba ta tashi, mai saye zai lissafa mafi muni: inji ya kafe, bulok ya tsage da sanyin Ohio. Zai cire kuɗin duk wannan daga tayinsa. Tayar da ita ba gyara ba ne, amma a bi a hankali.

Kada a sa batir a murɗa makulli. A cire fulogi takwas, a jera su yadda suke. A zuba mai marar kauri kamar cokali biyu a kowace silinda, man giyar otomatik ma ya yi, a bar shi kwana uku zuwa mako. Sai a juya injin da hannu ta notin karanshaf, zagaye biyu cikakku. Idan ya cije kada a yi masa dole, notin zai karye ko ringi ya fashe. Idan ya juya, a buɗe marfin bawul a ga ko duk suna hawa suna sauka, don bawul ɗin da ya maƙale shi ke lanƙwasa sandar turi. A zubar da tsohon bakin mai, a duba ko akwai ruwa ko garin ƙarfe ko ɓarɓashin roba; haƙoran giyar taimin na lokacin an lulluɓe su da roba, idan suka tsufa sukan zube su toshe rariyar famfon mai. A zuba sabo kusan lita 5 da sabuwar matata, kuma mai sinadarin zinki da yawa, domin kamshaf ɗin tsohon yayi ba ya jure man zamani. A yi wa distirbuta alama, a cire shi, a juya famfon mai da dirila har mai ya hau sama. Fetur kuma daga galan daban, ba daga tankin motar ba, abin da ke cikinsa ya zama ƙaro. Abin kashe gobara yana kusa.

Sarkin_Fenti:
Oga Bakanike, duk na yarda, da sharaɗin wanda ya san tsofaffin injuna ne zai yi. A hannun wanda bai sani ba, gara a tsaya a juyawa da hannu, a ɗauki bidiyo, a rubuta "inji yana juyawa, ba a yi ƙoƙarin tayarwa ba". Akwai masu saye da suka fi son haka, su tayar da kansu.

Bakanike_Zinder:
Ba musu. Amma ko an tayar kada a hau titi. Man birki yana shan ruwa, bututun ƙarfe sun ci tsatsa ta ciki, tayoyin sun mutu ko da zanensu na nan. Duk abin da aka canza, famfon fetur, tiyo, bel, maɗaurin tiyo, a zuba a kwali a rubuta suna. Wasu suna ɗauke da kwanan wata, kuɗi ne.

Dan_Kurmi:
Tambayata ita ce, wannan motar ta cancanci a kira ta wadda ta tsira da asalinta, ko dai motar da aka yi watsi da ita ce kawai? Akwai bambanci. Tsatsa a ƙasan gilashin baya ba ƙaramar magana ba ce a Chevelle. Ruwa yana bi ta nan ya sauka cikin but, ya cinye daɓensa da gindin ɓangarorin baya. Ga Ohio ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. A ɗaga ta, a duba firam a bayan tayoyin gaba da inda ya lanƙwasa ya haye aksul na baya, da wuraren da bodi ke zaune a kan firam. Idan sukudireba ya shige, to motar gyara ce, a sa mata farashin motar gyara. Kada magada su ji labarin miliyoyi su ƙi tayin kirki.

Kafireta4:
Ai labarin miliyoyin gaskiya ne. Mustang ɗin 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim, da tsatsarta da komai, dala miliyan 3.74 aka saye ta a gwanjon Mecum na Kissimmee a Janairun 2020. Challenger ta 1970 mai injin Hemi da ake kira Black Ghost ta haura dala miliyan 1 a Indianapolis a 2023, ita ma ba a gyara ta ba.

Dan_Kurmi:
Tarihi aka saya a waɗannan biyun, ɗan'uwa. Kuma a cikin Chevelle ɗin ma, mai tsadar gaske ita ce 454 LS6 mai doki 450, wadda 4,475 kacal aka yi. Ta Malam Abu_Hanan ita ce SS da aka fi yi da yawa. Tana da kasuwa sosai, amma ba wannan ajin ba.

Inna_Columbus:
Akwai ma'auni, ba sai an yi ta ja ba. Bloomington Gold, masu tantance Corvette, su suka fito da shaidar Survivor: a duba waje, ciki, ɗakin inji da ƙasan mota, a ga ko fiye da rabi na asali ne a akalla uku daga cikin huɗun. Ga sauran motocin ƙarfi, baje kolin MCACN da ake yi a Rosemont ta jihar Illinois kowane Nuwamba yana da nasa tantancewar. Ko ba za a kai ta can ba, a auna ta da sassa huɗun nan, a rubuta gaskiyar kowanne.

Sarkin_Fenti:
Tunda an dawo kan fenti. A nemi na'urar auna kaurin fenti, a auna wurare da yawa a kowane ɓangare, a ɗauki hoton kowane awo. Na kamfani siriri ne, galibi tsakanin maikron 100 zuwa 150. Inda ya ninka sau biyu ko uku an taɓa fesawa, inda ya wuce haka akwai fila, wato cikon lotsawa. Sai dai a mahaɗar rufi da ɓangaren baya, nan kamfani da kansa ya cike da dalma, awon zai bambanta. Lambar launi tana kan farantin bodi, 48 ita ce koriya mai duhu ta shekarar.

Wanki kuwa da hannu, ruwa kaɗan, ban da injin feshi mai ƙarfi. Fenti ne irin na da da ake kira lacquer, ba shi da shafin kariya mai sheƙi a sama, injin goge zai cinye shi a gefuna cikin daƙiƙa. Man Meguiar's lamba 7 a shafa da tawul, a bar shi ya kwana, a goge. Zai farfaɗo fiye da yadda ake zato. A ɗakin inji da ƙasan mota akwai rubutun alli, ɗigon fenti a farfela, da 'yan takardu a jikin sifirin. Ma'aikatan layi ne suka yi su. Yaron gareji da kananzir zai share su cikin minti biyar yana ganin ya kyauta.

Garba_Cotonou:
Ni da za a kawo ta gida ma. Abuja ko Kano, akwai manyan da za su saya don ado.

MaiGwanjo_Houston:
Alhaji Garba, lissafin ba zai fita ba. Ga kwantena, ga kwastan da dokar shekarun mota, ga kayan gyara da sai an yi oda. Sannan mai saye a gida walƙiya yake so, zai ga koɗaɗɗen fenti ya ce ragi. Abin da ke sa ta tsada a can shi zai karya ta a nan. Masu saye daga waje da suka san darajarta suna Sweden, Jamus, Ostireliya da ƙasashen Larabawa na Gulf, kuma su ma ta gwanjon Amurka suke saye.

Garba_Cotonou:
To Allah ya sa albarka. Amma duk wanda zai fitar da ita, kwastan ɗin Amurka suna son takardar mallaka ta asali awa 72 kafin lodi. A sani.

Lauyan_Unguwa:
Wannan ta kawo mu inda ciniki ya fi lalacewa. Takardar mallaka tana sunan mamaci. Ba ɗan da zai sa hannu a madadinsa haka kawai, sai wanda kotun gado ta naɗa, ko a fara mayar da ita sunan magada. A Ohio kuma sa hannun mai sayarwa sai a gaban notari, wato jami'in shaida sa hannu. A gama wannan kafin a sa talla. A gwada lambar takardar da ta kan dashbod harafi bayan harafi, 13 ne, tsofaffin takardu sukan zo da kuskuren bugu. A samo rubutaccen kimantawa daga mai kimanta tsofaffin motoci, domin harajin riba a kan kayan gado ana lissafa shi ne daga darajar ranar rasuwa, ba daga kuɗin da marigayi ya saya ba. Kuma duk magada su amince a rubuce kan mafi ƙarancin farashi, kada a buga ƙararrawa wani ya ce bai sallama ba.

Game da mil 61,000: mitar gida biyar gare ta, tana komawa sifili bayan 99,999. Idan babu rasidai da suka nuna tafiyarta shekara bayan shekara, a rubuta "abin da mita ta nuna". Robar feda, kafet ɗin direba da fitilun gaba na asali masu alamar T-3 suna taimakawa, amma ba hujja ba ne.

Abu_Hanan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura wurin sayarwa.

MaiGwanjo_Houston:
Bring a Trailer ya dace da irinta. Gwanjon kwana bakwai ne a intanet, kuɗin sa talla kaɗan ne, mai saye ke biyan la'adar kashi 5 cikin 100, kuma duk tayin da ya shigo a mintuna biyun ƙarshe yana ƙara lokaci. Sai dai masu sharhi a can ba sa ragawa. A shirya hoto 200 zuwa sama, har da ƙasan mota a kan lif, kowace tsatsa, kowace lamba, kuma mai amsa tambayoyi ya zauna kusa duk makon. Aibin da ka nuna da kanka ragi kaɗan yake jawowa, wanda aka gano maka kuwa yana kashe gwanjon.

Kamfanonin gwanjo Mecum da Barrett-Jackson suna da taron masu kuɗi, a garuruwan Kissimmee da Scottsdale a Janairu. Amma akwai kuɗin shiga, la'adar mai sayarwa, dakon mota a rufaffiyar tirela, kuma a Barrett-Jackson yawanci babu farashin ƙasa, duk inda guduma ta faɗa an sayar. Mota mintuna kaɗan take yi a dandamali, ranar da aka ba ka da sa'ar suna tasiri.

Kafireta4:
Ni ina ganin koɗaɗɗiyar mota a ƙarƙashin fitilun nan, kusa da masu sheƙi, ba ta kyau. Intanet ko Hemmings, mujallar tallan tsofaffin motoci, ya fi.

Dan_Kurmi:
Ya danganta da takardu. Idan takardar haɗi ta fito kuma firam lafiya, ko'ina za ta sayu. Idan babu, kada a rubuta "SS ta gaske", a jera alamomin da aka gani a bar mai saye ya yanke. Farashi kuma a duba wanda aka sayar, ba wanda ake nema ba. Jadawalin farashin tsofaffin motoci na kamfanin Hagerty yana da aji 1 (mafi kyau) zuwa 4, amma an gina shi kan kyan gani, mota mai fentin asali takan zauna a aji 3 ko 4 a ido ta kuma wuce kuɗin ajin. Gyaran gaske daga firam yana cin awa 1,000 zuwa sama na aikin gareji, magada ba za su mayar da wannan kuɗin ba.

Inna_Columbus:
Kujerar da ta ɓarke a ɗinki, mai ɗinkin kujeru zai iya cire rigar ya mayar da zare ta tsofaffin ramukan, ba sai an sauya ba. Kuma lokacin da ya cire ta ne za a leƙa neman takardar. Idan akwai kashin ɓera a sa takunkumi da safar hannu, a jiƙa kafin a kwashe, kada a share shi a bushe, yana ɗauke da cuta.

Lauyan_Unguwa:
Biyan kuɗi ta banki kai tsaye, ko ta kamfanin riƙon amana. Cekin banki na jabu yakan nuna kamar ya shiga, bayan kwanaki ya dawo. Duk wanda ya turo fiye da farashi ya ce a miƙa ragowar ga mai dako, ɗan damfara ne. Mota da takarda ba sa barin gida sai banki ya tabbatar.

Abu_Hanan:
Sun buɗe aljihun dashbod. Littafin garanti yana nan da farantin ƙarfen a jiki, harafi na 7 kuma B ne. Kujerar baya ba su ɗaga ba tukuna.

InjinV8:
Madalla. Rubutun farantin a juye yake, a ɗauki hoto a juya shi, ko a duba ta madubi. A gwada lambar injin da ke kai da wadda ke kan bulok. Kujerar baya kuma a tura mazaunin baya da ƙarfi sannan a ɗaga, ƙugiya biyu ce ke riƙe da ita. A kifa ta a kan bargo, a duba tsakanin sifirin da buhun da ke ƙarƙashin soso.

Bakanike_Zinder:
Su zuba man a silinda tun yau, ya riƙa jiƙa kafin a gama shawarar tayarwa.